Kare yara: aikin ƙasa baki ɗaya ne, ko a bar wa kowane yanki nasa?

Mai_Alli:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya daɗe yana tsaya mani a rai, yau na ce bari in kawo shi gabanku. Ni malamar makaranta ce. Shekarun baya mun yi aiki da wani malami, sai ɗalibai mata uku suka kai ƙararsa, kowacce daban, kuma maganarsu ta zo ɗaya. Hukumar makarantar ba ta son tonon silili, aka kira shi ofis aka ce ya ajiye aiki da kansa, har da takardar shaidar kyakkyawan hali aka ba shi don ya tafi ba hayaniya. Bayan shekara biyu na je wani taron bita na malamai, ina ɗaga kai sai ga shi. Yana koyarwa a wata jiha, kuma shi ne mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai. Na je ofishin ilimi na inda nake, aka ce mani tunda ya bar jihar ba hurumin su ba ne. Na buga wa na can waya, aka ce ba su da wani rahoto a kansa, in kawo shaida a rubuce daga makarantar da ta sallame shi. Makarantar kuwa abin da ta rubuta shi ne mutumin kirki ne.

Ra'ayina shi ne, muddin ƙasa ba ta da tsari guda na kare yara, wato doka ɗaya, rajista ɗaya, lambar waya ɗaya, da wanda za a kama da laifi in an yi sakaci, to duk abin da ake yi ihu ne bayan hari. Me kuka gani?

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam Malama. Labarin ya ɓata mani rai, amma ban yarda da inda kika kai shi ba. Matsalarki shugaban makaranta ne matsoraci da ya rubuta ƙarya. Ko dokar ƙasa dubu aka yi, in mai sa hannu ya zaɓi rufa-rufa, sunan mutumin ba zai shiga rajistar ba. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a babban birni cikin ofis mai sanyi me ya sani game da yaron da ke ƙauye mai nisan kwana guda a mota? A ƙarfafa na kusa da yaron, shi ne magana.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Ɗakin kwana fa kika ce? Allah ya tsare mana zuri'a.

Barista_Zee:
@Sarkin_Gardama, bari in shigo ta ɓangaren doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara an amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta fara aiki a 1990. Ƙasashe 196 ne suka amince suka shiga cikinta, Amurka kaɗai ta rage a cikin membobin majalisar, ta sa hannu a 1995 amma ba ta tabbatar ba. Sashe na 1 ya ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba. Sashe na 19 ya ɗora wa ƙasa alhakin kare shi daga duka, cin zarafi, sakaci da lalata, ko a hannun iyaye yake ko a hannun wani mai riƙonsa. Ka lura da wanda aka ɗora wa: ƙasa. Ba jiha ce ta sa hannu ba, ba ƙaramar hukuma ba. Duk bayan shekara biyar gwamnatin ƙasa ce ke zuwa gaban kwamitin haƙƙin yara na majalisar da ke Janiba ta ba da bahasi, kuma ba za ta iya cewa "ai lardi kaza ne ya ƙi" ta tsira ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasashen tarayya, domin sau da yawa tsarin mulki ya bar sha'anin yara a hannun jihohi. Najeriya misali ce a fili: ta tabbatar da yarjejeniyar a 1991, majalisar tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, amma dokar kai tsaye a babban birnin tarayya kawai take aiki, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Wasu sun yi nan da nan, wasu sai da aka doshi shekara ashirin. A tsawon lokacin nan yaro ɗaya in ya tsallaka iyaka da mota, kariyar da doka ta ba shi ta canza. Ostareliya ma haka take, jihohi shida da yankuna biyu, kowanne da dokarsa, sai a 2009 suka zauna suka amince da tsarin ƙasa guda na shekara 2009 zuwa 2020, yanzu kuma suna kan na 2021 zuwa 2031.

Sarkin_Gardama:
Barista kin kawo takardu, na gode. Amma takarda ba ta taɓa shiga tsakanin yaro da bulala ba.

Kawu_Sale:
Ku yara kuna ta zancen rajista da yarjejeniya. Mu da muka taso an ce mana ɗa na kowa ne. Maƙwabci ya ga abin da bai dace ba zai tsawata, dattijo ya kira uba ya yi masa faɗa, magana ta mutu. Yanzu kowa ya rufe ƙofarsa, shi ya sa kuke neman gwamnati ta zo ta yi muku aikin zumunci.

Nas_Hauwa:
Kawu, Allah ya ƙara girma, da gaskiyarka ta wani gefen. Amma kalmar da ka faɗa ta ƙarshe ita ce ke ba ni tsoro: magana ta mutu. Na shekara da yawa a ɗakin jinyar yara. Mafi yawan yaran da aka kawo mana da raunin da bai yi kama da faɗuwa ba, wanda ya yi musu na gida ne ko na kusa da gida. Dattawa sun zauna, an ba da haƙuri, an rufe, yarinya ta koma gidan da mutumin yake. Akwai wata da aka kawo sau uku cikin shekara guda, kowane zuwa da labari daban, ta faɗo daga gado, ruwan zafi ya zube, ƙofa ta datse ta. Na faɗa wa likita, likita ya ce a rubuta. Muka rubuta a kati. Daga nan sai ina? Ba wanda aka ce mana dole mu kai wa rahoto, ba wanda dole ya amsa mana. Zuwa na huɗu bai zo wurinmu ba, sai daga baya na ji wani asibiti suka kai ta, inda ba wanda ya san tarihinta.

Shi ya sa duk lokacin da na tuna labarin Victoria Climbié sai jikina ya yi sanyi. Yarinya ce 'yar ƙasar Kodebuwa, wata 'yar'uwar mahaifinta ta karɓe ta da sunan za ta yi karatu a Turai. Ta rasu a Landan a watan Fabrairu 2000 tana da shekara takwas, an ƙirga rauni 128 a jikinta. Kafin ta rasu, ofisoshin walwalar jama'a na ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita, an kwantar da ita a asibiti biyu, rukunin 'yan sanda biyu masu kula da yara sun san sunanta. Binciken da Lord Laming ya jagoranta ya nuna an sami dama aƙalla sau goma sha biyu da za a iya ceto ta. Kowa ya riƙe ɗan guntun labari, ba wanda ya haɗa. Rahoton ya fito a 2003 da shawarwari 108, daga nan aka yi dokar yara ta 2004 da ta tilasta wa asibiti da makaranta da 'yan sanda da ofishin walwala yin aiki tare.

Ɗan_Lissafi:
Abin da Nas ta kawo yana nuna wani abu da ba a faɗa ba tukuna. Ingila ba tarayya ba ce irin ta Ostareliya, amma ga rarrabuwar ta faru. Ke nan ba iyakar jihohi kaɗai ba ce, har da iyakar ma'aikatu. Lafiya da nata fayil, ilimi da nasa, 'yan sanda da nasu.

Ni damuwata ƙidaya ce. In wani yanki yana kiran abu sakaci, wani yana kiran sa talauci, wani bai ma rubuta shi ba, ta yaya ƙasa za ta san ko abin ƙaruwa yake ko raguwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da suka kai biliyan ɗaya, 'yan shekara 2 zuwa 17, na fuskantar wani nau'in cin zarafi a shekara guda. UNICEF a 2019 ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 166 ba a yi musu rajistar haihuwa ba, kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, in aka je kotu ma shekarunsa abin gardama ne, in ya ɓace kuwa ba a san wa ake nema ba. Rajistar haihuwa ba abin da kowane gari zai yi da salonsa ba ne.

Gwaggo_Ladi:
Ni dai tsorona ɗaya. Yau a ce gwamnati za ta kare yara, gobe wani ɗan saurayi da jaka ya shigo gidana ya ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, yaran sun yi yawa, ya kwashe mani jikoki. Talaka ne kullum irin wannan doka ke faɗa wa a kai. Mai kuɗi yana da katanga da lauya. Kar garin neman gira a rasa ido.

Sarkin_Gardama:
Yauwa Gwaggo, kin taɓo inda nake so. Waɗannan ƙasashen da ake ta yi mana misali da su, ku tambaye su me gwamnatin tsakiya ta yi da yara da aka ba ta wuƙa da nama. Ostareliya ta yi shekara da shekaru tana ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga iyayensu da sunan kare su, sai a 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Romaniya a zamanin mulkin shugaba Ceausescu, tsarin ƙasa guda ne tsaf, ga shi da gwamnatin ta faɗi a 1989 duniya ta ga gidajen marayu cike da yara fiye da dubu ɗari, da yawansu ma iyayensu na raye. Tsarin ƙasa in ya yi kuskure, ƙasar duka yake yi wa.

Barista_Zee:
Gyara kaɗan, ranka ya daɗe. Na Romaniya ka faɗi daidai. Na Ostareliya kuwa, yawancin ƙwacen an yi shi ne a ƙarƙashin dokokin jihohi, kowace jiha da hukumarta ta kula da 'yan asalin ƙasa, tarayya ta yi nata a yankin Arewa da take mulka kai tsaye. Kuma binciken da ya tono abin gaba ɗaya, wanda rahotonsa ya fito a 1997, na ƙasa ne. Da misalin Kanada ka kawo da ya fi ƙarfafa maganarka, don makarantun kwana da aka tura yaran 'yan asalin ƙasar kusan dubu 150, gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyinsu, coci-coci suka gudanar, na ƙarshe bai rufe ba sai a shekarun 1990.

Amma ga ɗaya gefen. A Amurka jihohi ne suka riƙa ɗauke yaran ƙabilun asali suna ba wasu iyalai, dokar tarayya ta 1978 ce ta taka musu birki, ta ce a fara neman dangin yaro da ƙabilarsa kafin bare. Kotun ƙoli ta sake tabbatar da dokar a 2023. Ke nan Gwaggo, abin da kike tsoro, dokar ƙasa mai kyau ita ce za ta rubuta baro-baro cewa talauci kaɗai ba dalilin raba yaro da gidansu ba ne, kuma ba a ɗauke yaro na dindindin sai alƙali ya duba. In ba a rubuta ba, ɗan saurayin mai jaka da son ransa zai yi aiki.

Sarkin_Gardama:
Na karɓi gyara kan Ostareliya. Kanada dai kin ba ni da hannunki.

Abban_Sadiq:
Tambaya ta gaskiya: wannan tsarin zai hana ni tsawata wa ɗana? Don na ji wasu ƙasashen ko marin yaro ka yi sai ka kwana a hannun hukuma.

Uwar_Biyu:
Suwidin ce ta fara hana dukan yara har a gida, a 1979, kuma yanzu ƙasashe fiye da sittin sun bi. Amma dokar tasu a kundin sha'anin iyali aka sa ta, ba a haɗa ta da wani sabon hukuncin ɗauri ba, wayar da kai aka fi yi. Ni dai an dake ni, kuma ban ga abin da ya ƙara mani ba sai iya ƙarya.

Abban_Sadiq:
Hajiya ni ma an dake ni, ga ni nan lafiya lau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwar_Biyu:
Tanƙwarawa aka ce Alhaji, ba karyawa ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, zancen bulala mun yi shi wancan watan har kwana uku, ba a tashi da komai ba sai mutum biyu da suka fice. Don Allah a koma kan tambayar Malama.

Jami'in_Walwala:
Na yi shiru ina karantawa don aikina ne ake magana a kai. Duk wanda ya ce a yi dokar ƙasa ina tare da shi, amma ku ji yadda abin yake a ƙasa. Ofishinmu mu kaɗan ne, fayil ya fi ƙarfinmu, motar aiki ta daɗe a kan duwatsu. An kira ni an ce ga yaro an ɗaure shi a ɗaki, da kuɗin aljihuna na je. Na same shi, to ina zan kai shi daren nan? Ba gidan ajiya na wucin gadi, ba iyalin da aka tantance da za su riƙe shi. Ofishin 'yan sanda ba wurin kwanan yaro ba ne. Ƙarshe wata ma'aikaciyarmu ce ta tafi da shi gidanta, abin da ƙa'ida ma ba ta yarda da shi ba.

Saboda haka in za a yi tsarin ƙasa, kuɗin ya biyo shi. Yankin da ya fi talauci shi ne ya fi yawan yaran da ke cikin haɗari, shi ne kuma ya fi ƙarancin harajin da zai ɗauki ma'aikata. In aka ce kowa ya ji da nasa, an yanke wa yaran can hukunci tun kafin a haife su. Dabarar da Amurka ta yi a dokarta ta 1974 ita ce tarayya ta ba jihohi kuɗi da sharaɗi: kuna so, to ku kafa hanyar karɓar rahoto da bincike, ku kare wanda ya kawo rahoto da kyakkyawar niyya daga ƙara. Ba a ƙwace aikin daga jihohi ba, an dai ɗaure kuɗin da igiya.

Gargaɗi ɗaya kuma. Ingila bayan Climbié ta cika ma'aikata da fom da wa'adi, har binciken Farfesa Eileen Munro na 2011 ya ce takarda ta cinye lokacin da ya kamata a yi tare da yaran. Ba na son tsarin da zai mayar da ni magatakarda.

Ɗan_Lissafi:
Zancen kuɗi ya tuna mani da Jordan River Anderson a Kanada. Yaro ne ɗan ƙabilar Cree ta 'yan asalin ƙasar, an haife shi a 1999 da lalura mai wuya. Likitoci suka ce zai iya barin asibiti a kula da shi a gida, sai gwamnatin tarayya da ta lardin Manitoba suka shiga jayayya kan wa zai biya. Fiye da shekara biyu ana wannan ja-in-ja, yaron ya rasu a asibiti a 2005 yana da shekara biyar, bai taɓa kwana a gidan iyali ba. A 2007 majalisar ƙasar ta amince da ƙa'idar da aka sa wa sunansa: gwamnatin da aka fara tuntuɓa ta biya, a yi rigimar lissafi daga baya. Irin wannan ƙa'ida ba lardin da zai iya kafa ta shi kaɗai.

Maman_Ilham:
Shekara biyu a gadon asibiti saboda takardar kuɗi. Wallahi na kasa haɗiye wannan.

Injiniya_MK:
Ku ƙara da intanet. Mutumin da ke yaudarar yarinya ta waya yana iya kasancewa a wata jiha, hoton yana ajiye a wata nahiya, kamfanin kuma a wata. Shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta wa Meta mai Facebook ko TikTok wasiƙa, wa zai buɗe? Ƙasa ce kaɗai ke da nauyin da za a saurara. Ostareliya ta kafa ofishin kwamishinan tsaron yara a intanet tun 2015, Birtaniya ta yi dokarta a 2023. Safarar yara ma haka, mai safara iyaka yake nema ya tsallaka don ya san fayil ba ya tsallakawa.

Amma kan rajista ina da ja. Rumbun bayanan yara abin tsoro ne in ya faɗa hannun da bai dace ba. Ingila ta gina wanda ya ƙunshi yara kusan miliyan 11, ana ce masa ContactPoint, aka yi ta ƙorafi kan sirri da yawan masu iya buɗe shi, sabuwar gwamnati ta kashe shi a 2010. A yi rajistar manyan da aka hana aiki da yara, na yarda. A zuba sunan kowane yaro da adireshinsa wuri guda, a nan ne nake tsayawa.

Malam_Na_Gefe:
Rajistar manyan ma wa zai shiga? Wanda kotu ta kama, ko wanda aka zarga kawai? Mu malamai maza mun san yadda ƙazafi ɗaya ke rusa mutum. Na ga wanda aka yi wa sharri saboda ya kayar da ɗan wani a jarrabawa.

Barista_Zee:
Tambaya mai kyau Malam, kuma ba ta da amsa mai daɗi. In ka ce sai wanda kotu ta hukunta, malamin da Mai_Alli ta ba da labari ba zai shiga ba, don ba a ma kai shi kotu ba. Haka aka yi a Soham a Ingila a 2002: mai gadin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara goma, daga baya aka gano an sha kai ƙararsa kan lalata a wani yanki, ba a taɓa hukunta shi a kan hakan ba, kuma bayanan ba su isa ga 'yan sandan da suka tantance shi ba. Binciken Bichard na 2004 ne ya sa aka gina rumbun bayanan 'yan sanda na ƙasa. In kuma ka ce duk wanda aka zarga, to ga matsalar da ka faɗa. Afirka ta Kudu a dokarta ta 2005 ta raba rajistar gida biyu, ɗaya na rahoton yaran da aka ci zarafinsu, ɗaya na mutanen da kotu ko wani zaman ladabtarwa na hukuma ya samu ba su dace da aiki da yara ba, kuma mutum na da damar ɗaukaka ƙara. Aƙalla dai a yi bincike a rubuta sakamako, a daina "ajiye aiki ka tafi".

Baƙuwa:
Ku yi haƙuri na shigo da sunan da ba nawa ba. Ina da shekara tara aka kai ni wurin wata 'yar'uwa a wani yanki mai nisa, wai zan yi makaranta. Aikatau na yi shekara biyar. Abin da mijinta ya yi mani ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba har ta rasu. Maƙwabta sun sani, Kawu. Suna jin kukana. Wata ta taɓa ba ni magani ta ce in yi haƙuri. Ban san akwai wani ofis ba, ban san laifi ne a doka ba, na ɗauka haka rayuwa take.

Duk kuna maganar wa zai riƙe iko, tarayya ko jiha. Ni abin da na so a lokacin, lamba guda da zan haddace, da wani babba da zai tambaye ni ni kaɗai ba a gaban matar ba. Na karanta cewa a Indiya yaro na kiran 1098 daga ko'ina kyauta, an fara shi a Mumbai a 1996, kuma ƙasashe da dama na Afirka suna amfani da 116. Da a bangon makaranta ko a rediyo na taɓa jin irin wannan, ban sani ba ko da na kira. Amma da na san ana kira.

Kawu_Sale:
'Yata, ban da abin cewa. Allah ya saka miki, ya ji ƙan mahaifiyarki. Maganata ta ɗazu ban janye ta duka ba, amma maƙwabtan nan sun ci amana.

Nas_Hauwa:
Baƙuwa, na tura miki saƙo ta gefe in kina so mu yi magana. Ba dole.

Sarkin_Gardama:
'Yar'uwa Allah ya ba ki lada, kin sa na sassauta murya. Lamba ɗaya, rajista ɗaya, ma'anar yaro ɗaya, na ba ku waɗannan. Inda har yanzu nake tsaye shi ne wanda zai ɗaga wayar ya taka ya je gidan. In daga babban birni za a turo shi, an gama. Dole ya zama wanda ya san lungun, ya san harshen, mutane kuma suka san shi.

Uwar_Biyu:
Wanda mutane suka sani shi ne kuma ake iya zuwa wurin babansa a ce ya janye.

Barista_Zee:
Burazil ta gwada haɗa biyun. Dokar yara da matasa ta 1990 ta ƙasa ce baki ɗaya, amma ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma kafa majalisar kula da yara mai mutum biyar, jama'ar wurin ne ke zaɓensu, su ne ke karɓar ƙorafi su tura wa asibiti ko makaranta ko mai gabatar da ƙara. Ba na cewa ta warware komai, yaran unguwannin talakawa a can har yau suna ganin tashin hankali. Kuma abin da Uwar_Biyu ta faɗa yana nan, mai neman ƙuri'a ba ya son ɓata wa masu ƙuri'a.

Jami'in_Walwala:
Mutum biyar a kowace ƙaramar hukuma. Ni a ba ni biyu da babur mai mai, in ga abin da zan yi.

Abban_Sadiq:
Malama Mai_Alli, mun yi nisa mun bar ki. Shi mutumin yana can har yanzu?

Mai_Alli:
Alhaji, bayan ofisoshin biyu sun mayar da ni, na nemi iyayen ɗaya daga cikin 'yan matan, suka ce ta yi aure, kar in tayar musu da abin da ya wuce, kuma ban ga laifinsu ba. Na rubuta wa shugabar makarantar da yake wasiƙa da sunana da lambata, na faɗi abin da na sani da abin da ban gani da idona ba. Ba ta amsa ba. Wata malama a can ta ce mani an cire shi daga ɗakin kwana an bar shi a aji, daga baya kuma ta ce ya nemi canjin wurin aiki. Barista, kwamitin binciken Ostareliya kan lalata da yara a cibiyoyi, wanda ya yi shekara biyar, ya kawo shawarwari 409 a 2017, na ga an ce ya gano cibiyoyi da dama suna yin wannan abin, a ɗauke mutum daga nan a kai shi can. In kina da sashen da ya yi magana kan tantance ma'aikata ki turo mani, ƙungiyarmu ta malamai za ta zauna wata mai zuwa, ina so in je da shi a hannu.

Barista_Zee:
Rahoto ne daban suka fitar kan tantancewar a 2015, kafin babban. Zan nemo in sa a nan da daddare. Da Turanci yake kuma yana da tsawo, in akwai mai lokaci ya taya ni mu fassara shafukan shawarwarin.

Malam_Na_Gefe:
Turo mani rabi.